Wayar da Ta Kewaye Kabarin Inna

A Inugu aka haife ni, a unguwar Hausawa kusa da kasuwar Ogbete, kuma ban san wani dutse ba sai wanda ake haƙo kwal a gindinsa. Da ƙasa ta rikice ana gab da yaƙi, kowa ya ɗauki abin da hannunsa zai iya ya nufi tashar jirgi. Mu ba mu samu wuri ba. Baba ya riga ya rasu, saura mu uku: Inna, da yayana wanda gemu ya fara tsiro masa, da ni, 'yar budurwa mai baki kamar reza. Yaya ya taɓa bin Baba sayen shanu can gabas wajen iyakar Kamaru, sai ya ce mu bi ta can, akwai wani ƙauye a kan dutse wanda ko labarin yaƙi sai ya huta a hanya kafin ya hau.

Inda mota ta tsaya, nan ƙafa ta karɓa. Muka yini muna hawa, muka tsallake rafi a kan gadar igiya da gora, Inna na salati, ni ina zagin wanda ya ɗaura gadar. Matsattsaku suka sha jininmu son ransu. Da muka isa, abin da ya fara ba ni tsoro gajimare ne. A can ba a sama yake zama ba, cikin gari yake yawo, ya shigo ɗaki ya jiƙa maka tabarma ya fita abinsa. Ɗakunan kewayayyu ne, ƙofa gajera sai ka durƙusa, wuta a tsakiya ba ta mutuwa rani da damina, masara na rataye a sama hayaƙi ya mai da ita baƙa.

Wata dattijuwa ce ta karɓe mu, muna ce mata Iya. Tana da maƙoƙo a wuya kamar yawancin matan garin, tana da 'ya guda sa'ata. Ba Musulmi ba ne, Hausarsu kuma 'yar ta ciniki ce, amma ba wanda ya roƙi Iya ta sa aka kora aladunta bayan gari, ta ware mana sabuwar tukunya. Ni da 'yarta muka zama kamar tagwaye. Ita ta koya mini yarensu, da ɗaukar kwando a baya da igiya a goshi, da cire jiga daga yatsun ƙafa da ƙaya. Kullum tana tsokanata wai ina sauka gangare kamar agwagwa.

Yunwa ba ta kashe kowa a garin, ga gwaza, ga tuwon masara, ga ayaba. Gishiri ne ya fi nama wuya. Iya na da ɗan kaɗan a cikin ƙaho, ranar da za ta sa a miya har maƙwabta sai sun sani. Babu asibiti, babu makaranta. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa sai samari su ɗaure shi a makara ta gora su sauka da shi, wani ya kai, wani a juyo da shi daga rabin hanya. Abin da garin ke taƙama da shi guda ne: marmaro a saman gari, ruwansa mai sanyin da ke sa haƙori zugi, da filin ciyawa kore shar kewaye da shi.

A daminarmu ta biyu sanyi ya kama ƙirjin Inna. Tari ya hana ta kwanciya, numfashi ya koma kamar ana jan zarto. Yaya ya ce a kawo makara a sauka da ita. Iya ta tare bakin ƙofa.

"Ba za ta kai gada ba," in ji ta. "Ku bar ta ta mutu da ɗumi, a cikin mutane."

Ita ta jingina Inna a ƙirjinta tana shafa mata baya, har rai ya yi halinsa.

Dattawan gari suka zauna, suka ba mu wurin da ya fi ko'ina kyau, gefen marmaro. Samari suka haƙa yadda Yaya ya nuna musu, ni da Iya muka yi mata wanka, Yaya ya yi mata salla shi kaɗai, mutanen gari na tsaye a baya shiru. Da aka rufe, babban dattijonsu ya ce a al'adarsu ƙasar da ta ci uwar mutum ta zama tasa, ba mai hana shi nomanta ko shan ruwanta, shi da jikokinsa.

"Mun san haka muka ba ku wurin," ya ce. "Daga yau ku ba baƙi ba ne."

Yaya ya yi kuka, da idona na gani. Har yau kukan nan ne ya fi ci mini rai, don na gaskiya ne. Iya kuma ta shuka 'yan itatuwa kewaye da kabarin don kada awaki su taka.

Da yaƙi ya ƙare muka sauko muka koma Inugu. Gidanmu babu rufi babu ƙofa, muka fara daga tabarma. Yaya ya shiga mahauta yana fiɗa wa wasu. Ba a daɗe ba kuɗin man fetur ya ɓarke. Ma'aikacin da a da sai ranar albashi yake ganin tsoka ya koma ba ya cin shinkafa sai da nama, otal-otal suka cika gari. Yaya ya tashi daga fiɗa ya koma dillanci, daga dillanci ya koma mai motocin shanu, yana kaiwa Anacha yana kaiwa Fatakwal. Ya je Makka, ya sayi fijo, tumbi ya fito. Ya aurar da ni ga wani malamin makarantar allo, mutum mai haƙuri, ya kuma saya mini keken ɗinki.

Duk rani Yaya sai ya hau dutse. Ni kuma in haɗa wa Iya kaya: buhun gishiri, ashana, sabulu, bargo, turmin atamfa. Ya dawo mini da zuma da fiya ya ce, "Iya na gaishe ki, ta ce Allah ya yi miki albarka." In na ce zan bi shi, ya ce ga goyo, ga hanya ba kyau, bari baɗi. Ni kuwa, wawiya, na cika unguwa da yabonsa. A gidan suna, a gidan biki, ba ni da zance sai yayana da bai manta alheri ba. Har gori nake yi wa masu 'yan'uwan da kuɗi ya canza.

Wata safiya na shiga Ogbete sayen zare. Mu matan kudu kullenmu bai yi tsanani ba, Malam ba ya hana ni kasuwa. A wajen da motocin ayaba ke sauke kaya na hango wata mace ta sunkuya tana sa igiyar kwando a goshi. Duk Inugu ba mai ɗaukar kaya haka. Na kira ta da yarensu, na ruga na rungume ta, 'yar Iya ce. Ta tsaya ƙiƙam kamar na rungumi turmi.

"Madam, you wan buy?" ta ce.

"Ke, ni ce fa! Agwagwarki. Ya Iya take? Bargon ya kai mata?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi zoben hannuna, sannan ta koma yarensu.

"Da gaske ba ki sani ba, ko rainin hankali ne?"

Nan a tsaye, cikin ɓawon ayaba da ƙudaje, ta faɗa mini. Yaya ya koma garin shekarar da ya fara kuɗi, ya tara dattawa, ya tuna musu maganarsu a bakin kabari. Ba su musa ba, don musawa karya al'adarsu ce. Sun zaci gona zai yi. Sai ga leburori da sanduna da waya mai ƙaya. Ya kewaye kabarin, da marmaron, da filin ciyawar gaba ɗaya, ya zuba shanun da yake kiwatawa kafin a kai su mahauta. Matan gari suka koma ɗiban ruwa a kwazazzabo, sauka da hawa da tulu a baya. Wata mai ciki ta zame a can, cikin bai tsaya ba. Gonakin gefen filin suka tafi, shi ya sa ita take bin motar ayaba.

"To kayan da nake aikowa fa?"

"Iya ta mayar da na farko. Ba a ƙara kawo mana ba. Gishirinki shanunsa ke lasa."

Ban sayi zaren ba. Na wuce gidan Yaya, na same shi a falo fanka na kaɗa shi, yana cin tsire. Ko gaisuwa ban gama ba.

"Yaya, zumar da kake kawo mini, a ina kake saye?"

Ya ajiye tsinken. Bai ma yi wahalar yin ƙarya ba.

"A bakin hanya. Zauna mana, me ya yi zafi?"

"Kabarin Inna ka sa ka ci mutanen da suka rufe ta?"

"Ki iya bakinki. Ƙwace na yi? Su suka ba ni da bakinsu, a gaban kowa. Shanu in ba waya za su shiga gonaki, rikici ke nan. Kuma yanzu ko akuya ba ta taka kabarin uwarmu."

"Ruwan fa, Yaya?"

"Ruwa ya ƙare a duniya ne? Ga kwazazzabo nan." Ya ɗauki tsirensa. "Keken da kike ɗinki da shi, daga sama ya faɗo?"

Na zo da zagi cike da ciki, na fita da shi ban sauke ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ran nan da akwai wuƙa kusa ban san abin da zan yi ba. Ba ƙasar kaɗai ya ci ba, har da ni ya ci. Shekaru ya bar ni ina yi masa roƙo a gidajen biki ba ko sisi, su kuma can suna ganin bakinmu ɗaya.

Abu guda ya tsaya mini a rai: in je Iya ta ji daga bakina cewa ban sani ba, in ji ko har yanzu ni 'yar ɗakinta ce. Malam ya ce in je, uwa ce. Na bar yara wajen maƙwabciya, na bi 'yar Iya a motar ayaba. Yanzu akwai hanyar mota da Yaya ya sa aka fasa, amma a ƙofar shanunsa ta tsaya, ba ta shiga gari ba. Makiyayin da ke gadi ya ji ni ƙanwar Alhaji ce, ya buɗe mini da rawar jiki. 'Yar Iya ta tsaya a waje.

Itatuwan da Iya ta shuka shanu sun cinye su. An jera duwatsu kewaye da kabarin an shafa musu farin fenti, yadda duk wanda ya zo da gardama zai hango shaida tun daga nesa. Marmaron ya zama taɓo da kashin shanu. Na durƙusa zan yi wa Inna addu'a, kunya ta hana ni ɗaga hannu da kyau.

Iya ta tsufa, ido ya yi rauni. Na durƙusa na shiga ɗakin, wutar na nan a tsakiya. Ta shafa fuskata, ta gane ni, ta ce na yi ƙiba. Na rantse mata ban sani ba, ina kuka ina rantsuwa.

"Na sani," ta ce. "Bakinki ba ya riƙe magana, da kin sani da kowa ya ji."

Har 'yarta sai da ta yi dariya. Aka gasa gwaza, na ci, hannun Iya na kan bayana. Na ji zuciyata ta fara sauka, na ce ashe da sauran wurina a ɗakin nan.

Washegari da hantsi ruwan sama ya ɗauke, muna zaune bakin wuta, sai tari ya kama ni. Jikina ya manta sanyin dutse, ga hayaƙi. Na yi na farko, na yi na biyu mai ƙarfi daga ƙirji. Hannun Iya ya bar bayana.

"Tun yaushe kike tarin nan?"

"Hayaƙi ne, Iya."

"Haka uwarki ta ce."

Ta kira 'yarta ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, 'yar ta fita ba ta dube ni ba. Sannan Iya ta juyo.

"Ki sauka yau, kafin ruwa ya dawo. Dattawa sun yanke magana tun shekarar waya. Baƙo ba ya ƙara mutuwa a garin nan."

"Iya, ni ce baƙuwa?"

Ta lalubo gwaza mai zafi daga toka, ta naɗe mini a ganyen ayaba, hawaye na bin wuyanta har kan maƙoƙon.

Na ƙi bi ta hanyar Yaya, na bi tsohuwar hanya ta gadar igiya. Samari suka biyo ni a baya da makarar gora, ko da ƙafata za ta gaza. Ban waiga ba. Duk tarin da ya taso mini a hanyar nan haɗiye shi na yi, har muka kai inda mota ke tsayawa.