Ƙafar Inna da 'Yar Singsit

Ni dai ban taɓa iya kallon ciwo ba. Ko kaza za a yanka a gidanmu na unguwar Aziziyya a Makka, ɗaki nake shigewa. To ni ɗin ce Allah ya ɗora wa jinyar Inna, mahaifiyata, shekarar da ciwon suga ya huda mata diddige.

Kwana goma muka yi a wani asibiti a Jidda. Da sallama ta matso, likita bai ɓoye mana komai ba: in ba a wanke ciwon safe da yamma yadda ya kamata ba, nan da wata guda ƙafar za a yanke. Ga Hajji ya ƙarato, hanya ta fara cushewa, jigilar tsohuwa zuwa Jidda kullum ba zai yiwu ba.

Akwai wata nas da Inna ta ɗauka kamar 'yar cikinta, gajeriya, mai ƙananan idanu, kullum kanta a rufe. Mu 'yan Makka duk mai irin wannan fuskar 'yar Jawa muke ce mata, 'yan Jawa kuwa da salla muka san su. Da na ji hutunta ya zo, ban tambayi kowa ba na gama tsarina: ta biyo mu gida ta riƙa yi wa Inna wankin. Har na yi mata alkawarin raka ta ɗawafi.

Ta yi murmushi, ta ce da ɗan Larabcinta, "'Yar'uwa, ni Kirista ce. A allon nan nake ratsewa."

Allon hanyar Makka take nufi, inda wanda ba Musulmi ba yake kaucewa. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya, don ba ni da wata dabarar.

Ta zaunar da ni. Ta ce ita daga duwatsun gabashin Indiya take, danginsu Singsit ake ce musu, kuma kakanninta suna cikin waɗanda suka fara karɓar 'yan mishan a can. Turawan ba ko'ina aka bar su su shiga ba, wasu ƙauyukan ma hawansu ya gagare su. Sai suka koya wa 'yan ƙasar karatu da ɗaurin ciwo, su kuma suka bi ƙauyuka a ƙafa. Kakan babanta haka ya yi ta yawo, kwando a baya, littafi da kwalbar magani a ciki.

Nan fa na haɗe rai. Na zaci wa'azi za ta soma mini, har na tanadi amsa mai zafi.

"Ba addinina zan ba ki ki kai Makka ba," in ji ta. "Tashi ki wanke hannunki."

Ta roƙi likita ya ƙara mana kwana biyu. Karon farko da na buɗe bandejin, sai da na ruga na yi amai. Inna ta ce wai ni da bakina ya fi almakashi kaifi, auduga ce ta gagare ni. Na dawo ina ƙunƙuni. Nas ɗin ta riƙe hannuna ta nuna mini inda zan goge, da launin naman da in na gani kada in tsaya jira.

Da muka koma gida, wata guda na yi ina wankin nan, motocin alhazai suna ta kai-komo a ƙarƙashin tagarmu. Kullum in ɗauki hoton ciwon in tura mata, ta amsa ko tana bakin aiki. Sau biyu ta yi mini faɗa kan na ɗaure da ƙarfi, na kuwa haɗiye, abin da ba halina ba.

Bayan an sauko daga Arfa muka koma Jidda. Likita ya daɗe yana danna diddigen. Can ya ce nama ya ciko, babu maganar yanka. Ya tambayi wa ya yi wannan aikin, na nuna nas ɗin.

"Ni ban taɓa taka Makka ba, likita," in ji ta.

Na zauna a ƙasa na yi ta kuka don daɗi, ban damu da masu kallo ba. Inna ta zungure ni da sandarta, ta ce in tashi in miƙo mata takalmanta, duka biyun.