Ranar da Kakana Ya Zama Mai Gurasa

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da muka buɗe reshe na uku na shagon gurasarmu a Ƙofar Mazugal. Shekarar da soja suka koma bariki ce, lokacin da duk mai babbar riga ya wayi gari yana ƙaunar talaka. Baffana, mai riƙe da shagunan, shi ma ciwon ya kama shi: kujerar kansila yake so.

Da yake ni ne ɗan jami'ar gidan, wanda bai da aboki sai littafi, sai ya ce in rubuto tarihin sana'ar a karanta a wajen biki. Na ɗauki abin da gaske. Mako biyu ina bin tsofaffin Kurmi da na Goron Dutse, inda shagunanmu biyu suke, ina tambaya ina rubutawa. Bakinsu ɗaya: Inna ce, kakarmu, ta sayar da kwanukan aurenta ta gina tanderu a tsakar gida. Kakanmu kuwa, Allah ya jiƙansa, gudummawarsa ita ce ƙorafin hayaƙi, da rantsuwar cewa gurasa na sa masa ƙwarnafi.

Baffa ya karanta, ya tambaye ni ko na taɓa ganin kansilan da ya fito daga tanderun mace. Ya ɗauki jan biro. Kafin la'asar marigayi ya zama gwarzo mai hangen nesa, wanda ya kwaɓa fulawar farko da hannunsa mai albarka. Inna ta samu layi ɗaya: wai ta ba shi goyon baya.

Ranar biki aka tsayar da ni gaban jama'a. Takarda biyu ce a aljihuna, tawa da ta Baffa. Na kalli taro, na kalli Baffa. Na karanta tasa tsaf, ko waƙafi ban tsallake ba. Aka yi tafi, aka raba gurasa da tsire kyauta, wanda dama shi ya tara mutanen.

Ban lura ba, ashe bakin lasifika yana kallon gidanmu ne. Da na shiga, na tarar da Inna tana ciro gurasa daga tanderu, hannunta duk tabon ƙuna.

"Sannu malamin tarihi," ta ce. "Ashe kakanka ya iya kwaɓi? Shekara arba'in muna tare, ko ruwan alwala ni nake zuba masa. Allah sarki, ya ɓoye min baiwarsa."

Baffa ya ci zaɓe. Aka buga tarihin aka rataye a kowane reshe, da sunana a ƙasa. Inna ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Tun daga ranar na gane ƙarya ba ta buƙatar maƙaryata da yawa. Ɗaya ya ishe ta, in dai ta samu mai gaskiya matsoraci da zai karanta mata.