Hanyar da Haruna Ya Zana a Kan Tudu

Ina zaune a zaure bayan azahar ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa, gaban rigarsa jiƙe da jinin da ba nasa ba. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Malam, an kashe Haruna Safiyo a kan tudu." Daga Allah muka fito, kuma gare Shi makomarmu take. Na miƙe in sa takalmi, ƙafata ta kasa samunsa.

Malam Haruna ma'aikacin awon filaye ne a nan Zuru, shi ya sa ake ce masa Safiyo, maƙwabcina, kuma ɗalibin da ya daɗe yana ɗaukar fiƙihu a wannan zaure. Babin rabon gado ya fi so, domin a cewarsa shi ma awo ne, sai dai Mai Duka ne ya kafa turakunsa. Idan aka kai masa buhun dawa gida ana neman ya matsar da iyaka, da kansa yake ɗaura shi a babur ya mayar.

Abu ɗaya na taɓa tuhumarsa a kai. Da yamma yakan shiga shagon Obinna, ɗan kasuwar da ke buga wa mutane takardu da kwamfuta, ya zauna yana wani wasa na gina birni. Na ce, "Haruna, da furfura a gemunka kake wasan yara?" Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, taho ka gani, sannan ka yi hukunci." Na je, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba.

A wasan ana ba mutum ƙasa ba kowa, ya zana tituna, ya ja ruwa, sai gidaje su tsiro. Kowa shimfiɗaɗɗen fili yake zaɓa. Haruna kuwa sai ya zaɓi mai tuddai da kwazazzabai, irin ƙasarmu daga nan zuwa Dabai. Akwai abin da ake dannawa tudu ya baje nan take. Obinna ya ce, "Oga Safiyo, danna wannan mana, ka huta. Fetur na janareta yana ƙarewa." Haruna ya ce, "Ba ni na kafa tudu ba, ba ni ka share shi ba." Titunansa kewaya tudu suke yi, kamar yadda manoman tudu ke jera duwatsu a gonakinsu don su riƙe ƙasa. Tankin ruwa a ƙololuwa, kwari kuwa a bar wa ruwa hanyarsa. Ya juyo ya ce mini, "Malam, nan in na yi kure, gidajen hoto ka rushewa. Can waje mutane ka mutuwa." Har yau ban ce wasan ibada ba ne. Amma ban sake tuhumarsa ba.

Da aka yanka filaye a wani gangare bayan gari, shi aka ba awon. A tsakiyar gangaren akwai tsofaffin kaburburan mutanen tudu, da gonakin da Baba Yohanna, tsohon soja kuma dattijon manoman wurin, yake kula da su. Haruna ya gina irin tudun a cikin wasansa, ya yi ta gwada titi ta nan da ta can, har ya samu wanda mota za ta hau ba tare da an taɓa kabari ba. Ya je ya kafa turaku a kansa. Masu filaye suka ce hanyar ta yi nisa, su miƙaƙƙiya suke so. Ba su jira kowa ba, suka ɗauko katafila da samari masu adduna da gorori.

Waɗanda suka gani sun shaida mini cewa bakin katafila ya tone kabarin farko, ƙashi ya fito fili. Manoma suka gangaro da gatura da duwatsu. Aka fizgo direba ƙasa aka karya masa hannu. Aka sari wani manomi har yatsunsa suna reto. Haruna ya iso, ya yar da baburinsa, ya shiga tsakani hannuwansa a sama, yana kiran mutane da sunayensu, da Hausa da C'lela, yaren mutanen tudu. Dutse daga saman tudu ya same shi a gefen kai. Kafin ya kai ƙasa, adda daga ɓangaren masu katafila ta sauka a wuyansa. Da suka gane wanda ke kwance, kowa ya watse.

Ni na yi masa wanka. Raunukan nan biyu da hannuna na wanke su.

A zaman makoki na ji labarin cewa Bashiru, babban ɗansa, ya wasa adda, samari kuma suna shirin hawa tudu su ƙone rumbunan manoma. Ana cikin haka Baba Yohanna ya shigo, kansa naɗe da ƙyalle saboda rauni, shi kaɗai, alhali ya san abin da ake faɗi. Bashiru ya miƙe. Na ce, "Zauna, ɗana. Dutse daga sama, adda daga ƙasa. In ka hau ka kashe na tudu, sai ka sauko ka kashe na unguwarku? Hukuncin jini na hukuma ne, kuma ba a yin sa da zato." Baba Yohanna ya durƙusa ya ce, "Yarona, duk garin nan babanka kaɗai ya kewaye kaburburan kakannina." Bashiru bai ba shi hannu ba. Amma ya zauna, kuma da la'asar ya kawo mini addar. Tana ɗakina.

Ku da kuka zo ta'aziyya daga sama da ƙasa, turakunsa na nan inda ya kafa su. In kuna son ku biya shi wani abu, titi ya bi ta kansu.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Haruna, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya kare kaburburan wasu. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙurin abin da ya fi ƙarfinsu, Ka zama gatansu. Ka sanyaya zuciyar Bashiru, kada ya dawo neman abin da ya ba ni ajiya. Amin.