Ni da Yaya Ishaya a Kan Fad Ɗaya

Wata Asabar ce ta farkon Disamba, shekarar da nake aji biyar a firamare. An gama yankan dawa, tsakar gidanmu a Zuru ta cika da dammuna har kaji ba su da hanyar wucewa. Mama da Baba sun koma gonarmu ta hanyar Dabai kwaso ragowa, aka bar ni da korar awaki da ɓarar gyaɗa. Da rana tsaka aka kawo wuta. Ban ma lura ba sai da na ji ƙarar usur da ihun 'yan kallo na fitowa ƙasa-ƙasa daga ɗakin yayana Ishaya, ɗakin da tun dawowarsa daga asibitin soja ba a jin komai a cikinsa sai tari. Na ajiye tasar gyaɗa, na lallaɓa na leƙa ta tsagar ƙofa. Yana zaune a bakin katifa gaban ƙaramar talabijin, ya ɗora fad a gwiwa, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga gem da shi. Babban yatsansa na hagu yana juya ɗan ƙwallo yadda ya ga dama, amma ɓangaren dama, inda maɓallan miƙa ƙwallo da na bugu suke, da dungulmin hannunsa yake ƙoƙarin danna su, duk dannawa ɗaya sai uku su shige tare. Zufa na bin wuyansa. Ranar na fara ganin hannun a fili, don kullum a aljihu yake. Na ja da baya, ƙafata ta bugi bokiti. Na tsaya ina jiran tsawa, sai na ji ya ce, "Auta, wanke hannunki ki taho. In kin shigo ki rufe ƙofa."

A ƙasarmu da hannu ake auna namiji: garma, kokawa, bindiga. Yaya ya haɗa duka ukun. In samari sun fita golmo, wato noman da suke yi wa iyayen budurwar ɗayansu, shi ke kan gaba, kunyarsa ta kai bakin gona wasu suna tsakiya suna haki. Akwai kuma abu na huɗu da Baba ba ya sa wa a lissafi, shi ne gem ɗin ƙwallo. Kusa da tasha akwai wani shago mai rufin kwano, benci uku, talabijin biyu da janareto mai tari kamar tsohon mashayi. Dokar wurin ɗaya ce: mai ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi. Kuma ba a tashi haka nan salin-alin. Akwai wani gwangwanin madara a taga, da shi ake raka wanda aka lallasa har bakin titi, ana kaɗawa ana yi masa waƙa. Babban abokin karawar Yaya shi ne Ɗanjuma mai gyaran babur, abokinsa tun suna yawo ba wando. In Ɗanjuma ya ci, sai ya biyo Yaya har ƙofar gida yana tambayar Mama ko akwai sauran kunu a ba majinyaci. In Yaya ne ya ci, sati guda Ɗanjuma ba ya bi ta layinmu, sai ya zaga ta bayan majami'a.

Duk wannan daga waje nake jin sa, domin 'ya mace ba ta shiga shagon. In an ga ko inuwarki a bakin ƙofar, kafin ki isa gida labari ya riga ki, ya kuma biya ta wurin matan zumuntar majami'a ya ƙara kitse. Mu namu carafke ne da gaɗa da langa a filin makaranta. Amma ni duk ran da aka aike ni niƙa, ta gaban shagon nake bi, in rage tafiya, in yi kamar gammona ya zame, in saci kallo ta taga. Na san sunan kowane maɓalli tun kafin yatsana ya taɓa ko ɗaya.

Sai Yaya ya shiga soja kamar yadda Baba ya shiga a zamaninsa, aka tura shi fagen daga, ya dawo da farkon damina babu hannun dama daga wuyan hannu. Gidanmu ya cika da masu gaisuwa. Kowa ya shigo sai ya sassauta murya kamar an yi mutuwa, mata su goge ido da bakin zane, maza su kama hannunsa na hagu da hannu bibbiyu su ce, "An gode Allah da ya bar rai." Samarin da a da in sun haɗu da shi sai an yi ture-ture, suka koma durƙusa masa. Ya jure na ɗan lokaci, daga nan ya shige ɗaki. Mama ta riƙa ajiye masa tuwo a bakin ƙofa, sau da yawa ta dawo ta tarar ƙuda ne kawai suka taɓa. Damina ta wuce bai ga ko kalar dawar bana ba. Ina jin Mama tana addu'a a madafa, abin da take roƙo guda ne, Allah ya fito mata da ɗanta cikin mutane.

To, ran nan da na wanke hannu na shiga, sai ya matsa ya ba ni wuri a damansa, kafaɗa da kafaɗa. Shi ya riƙe hagun fad yana tuƙa ɗan wasa, ni na ɗora yatsuna a kan maɓallan dama. Mutum biyu muka zama ɗan wasa ɗaya, kuma da farko ɗan wasan nan abin tausayi ne. Ya ce in miƙa, in buga sama. Ya ce in buga, in tsaya ina kallonsa. Har ya ƙule ya ce kaina kamar na tunkiya, ni kuma da bakina ba ya kwana da bashi na ce ai tunkiya ta fi sojan da bai san hagu da dama ba, ga shi ya kai ɗan wasa wajen fili. Maganar na fita na kama bakina. Ya dube ni, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana dukan katifa. Rabon gidanmu da wannan dariyar tun kafin ya tafi.

Daga nan duk ran da aka kawo wuta, in na gama ɗebo ruwa da wanke-wanke, sai ɗakin Yaya. Ya daina ba ni umarni da baki, ya koma taɓa gwiwata da tasa: taɓawa ɗaya in miƙa, in ya danna da ƙarfi in buga. A hankali har gwiwar ta zama ba dole ba, ina ganin yadda ya karkata ɗan wasa na san abin da ke ransa. Sharaɗinmu dai kada kowa ya gani. Shi saboda hannunsa, ni saboda bakin gari. Da mun ji takun ƙafa sai ya kashe talabijin ya tura hannu aljihu, ni kuma in wawuri tsintsiya. Ɗakin nan bai taɓa shan shara irin ta wannan rani ba. Kuma ashe ba mu kaɗai ke ɓoyo ba. Baba, wanda ke kiran gem wasan ragwaye, wata rana na dawo daga rijiya Yaya na wanka, na same shi shi kaɗai a ɗakin, tabarau a kan hanci, ya riƙe fad a juye yana dannawa da iyakar gaskiyarsa. Da ya gan ni sai ya gyara murya ya ce yana duba ko ɓera ya ci waya ne.

Kafin Ista Yaya ya fara cin tuwo a tsakar gida. Ya fara zama gindin mangwaro yana tambayar Baba wane iri za a shuka a gonar tudu. Sai wata rana muna tsakiyar wasa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ran Asabar za mu shago. Ɗanjuma nika so." Na kwana biyu ina juya abin, ina hango kaina a kan bencin maza, ina jin abin da za a faɗa a kaina a makaranta da majami'a. Amma na san in ban je ba shi ma ba zai je ba, tunda rabin hannunsa a jikina yake. Mama, wadda na ɗauka ba ta san komai ba, ita ce ta ɗaura mini ɗankwali da safiyar Asabar ɗin, ta ja kunnena a hankali ta ce, "Tafi ki buga da kyau. Bakin mutane ki bar ni da shi."

Tun daga nesa muke jin hayaniyar shagon, ana kaɗa wa wani gwangwani. Yaya ya sa rigarsa mai gajeren hannu, ya fito da dungulmin fili, yana tafiya yana murmushi. Ni kuma na cika bakina da amsoshi, na shirya wa duk wanda zai fara. Muna sa kai wurin ya yi tsit. Samari suka miƙe tsaye. Mai shago ya ɗauko kujerarsa ta kansa ya goge da hula. Ko ni ba wanda ya ce wa uffan, amsoshina suka ruɓe a baki. Ɗanjuma na kan benci, shi ke ci tun safe. Yaya ya ce masa, da irin muryarsu ta da, "Kai, mai ƙafar agwagwa, har yanzu yara kaka cuta?" Na jira in ji ya rama. Sai Ɗanjuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu da zuwa, oga soja."

Muka zauna, muka raba fad, aka fara. Ƙwallon farko da muka ci na gaskiya ne, har gobe ina rantsuwa a kan wannan. Aka yi tafi a hankali, irin wanda ake yi wa yara in sun karanta aya a majami'a. Daga nan na fara ganin abin da ban so ba. 'Yan bayan Ɗanjuma suna darewa suna ba mu hanya. Na yi wani bugu mara ƙarfi wanda ko kaza za ta tare, ya gangara ya shige raga. Aka sake tafi. Na ji gwiwar Yaya ta janye daga tawa. Sai ya juya ɗan wasanmu da gangan, ya koro ƙwallo zuwa ragarmu, ya ajiye ta a gaban ɗan wasan Ɗanjuma, ya ɗage yatsansa. Daga shi sai gola. Ɗanjuma, wanda ko ido rufe ba ya zubar da irin wannan, ya ɗaga ta sama can.

"Ɗanjuma," in ji Yaya, "ka ci ni mana."

"Haba oga, ai yau ranarka ce."

Gwangwanin na nan a taga, ba wanda ya ko dube shi. Yaya ya ajiye fad a kan benci a hankali, ya tura hannu aljihun wando, ya miƙe. Muka fita ana ta yi mana tafi. Duk tsawon hanya yana gaba, ni kuma ina biye ina haɗiye kuka, rana na dukan ƙeyata. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya, ya dafa kaina da hannun hagu ya ce, "Auta, can asibiti ban ji komai ba, allura sunka yi mini. Yau ne anka yanke shi."

Bai sake kunna gem ba. Ya mayar da na'urar cikin kwalinta, kafin ruwan farko ya sauka ya tattara ya koma wurin dangin Baba a Dabai, yana lura da gona da kiwo. Ɗanjuma ya zo gaishe shi har da zakara, Yaya ya karɓe shi da mutunci, suka yi gaisuwar manya suka rabu. Na daɗe ba na amsa gaisuwar Ɗanjuma, in na hango shi sai in tsuke baki in sauya hanya. Sai ranar bikina ya tare ni, furfura ta fara fito masa, ya ce in gaya masa laifinsa don Allah. Ya ce, "Mutumin da ya ba da hannunshi dominmu, ƙaƙa zan kaɗa mishi gwangwani?" Na buɗe baki in wanke shi tas, na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na fasa. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan ne ya fi ci mini rai.

Yanzu shagon nan cajin waya ake yi a cikinsa. 'Ya'yana kowa da gem ɗinsa a tafin hannu, kowa a lungunsa, in na matso sai su kifa wayar a ƙirji kamar na kama su da sata. Ba a cin kowa a gaban kowa, ba a raka kowa bakin titi. Wani lokaci in zauna ina kallonsu, in tuna wancan ɗaki mai zafi da kafaɗar Yaya a jikin tawa, yana kirana tunkiya ina ramawa, in ji kewa ta kama ni. Yana nan da ransa a Dabai, ya yi aure, rumbunsa ba ya rabo da dawa. Duk inda ya bi ana miƙe masa, ana sassauta murya, ana ba shi kujerar gaba, shi kuma yana amsawa da hannu a aljihu. Mutane suna cewa Allah ya ba Ishaya girma. Ni dai har yau roƙona shi ne Allah ya kawo wanda zai yi masa dariya.