Mai Agogo da 'Yan Sirara

Shekara talatin da huɗu ya yi a bayan wani ɗan teburin gilashi a bakin kasuwa yana gyaran agogo, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Agogo. Daga baya waya ta shiga hannun mutane, aka daina ɗaura agogo. Ya tattara 'yan gwangwanayensa ya koma gida.

'Yarsa da ke aure a wani gari ta ce shi da mahaifiyarta su dawo wurinta, ga ɗaki, ga abinci, ba abin da zai yi sai hutu. Hutun nan kuwa shi yake tsoro duk duniya, a ce ya zauna gidan suruki yana jiran a miƙo masa kwano. Ya roƙe ta ta ba shi damina ɗaya. Wani kukun otal ya yi masa alkawarin sayen dodon koɗi ko nawa ya kawo, don haka ya haɗa akwatunan katako uku a bayan gida, ya zuba ƙasa mai laima, ya rufe da raga, ya sayo manya ashirin.

"Daga agogo sai dodon koɗi," in ji matarsa. "Malam, kai da sauri kun yi hannun riga."

Ya ci gaba da kiwonsa. Manyan suka yi ƙwai, aka ƙyanƙyashe 'ya'ya fiye da ɗari uku, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Shi kuwa mutum ne da tsari ya shiga jininsa. Tun a kasuwa bai taɓa haɗa babbar ƙusa da ƙarama a gwangwani ɗaya ba, to haka ya yi a nan: manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban.

Wata safiya yana tsinko musu ganye a gindin katanga, sai ya ga wasu dodannin koɗi guda biyar a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, sirara, dogaye, jikinsu ja-ja. Ya ɗauka nasa ne suka sulale, yunwa ta ramar da su. Tausayi ya kama shi. Ya kwaso su a tafin hannu, ya duba girmansu, ya sa su akwatin ƙanana.

Bayan mako guda ya fara tsintar koɗi ba komai ciki. Ya zargi tururuwa, ya tsoma ƙafafun akwatin cikin baƙin mai. Ya zargi ɓera, ya ɗana tarko, ya ninka raga. Duk ƙofar da ɓarawo zai bi ya toshe, bawan Allah, alhali ɓarawon yana ciki. Abin da ke sanyaya masa rai kawai shi ne 'yan siraran nan suna ta ƙiba. Ganye mafi laushi yake ajiye musu, bai lura ko lasarsa ba sa yi ba.

Ran da asiri ya tonu, ruwa ya ɗauke kenan da hantsi. Ya maƙala tsohon gilashinsa na gyara a ido, ya durƙusa. Ya ga ɗaya daga cikin siraran yana bin sawun yauƙin wani ƙarami, kai a ƙasa, kamar karen farauta. Ya cim masa. Ƙaramin ya shige koɗinsa, siririn ya miƙa wuya ya bi shi ciki. A hankali, ba gaggawa. Mai Agogo ya kasa ko ɗaga hannu, har aka gama, aka bar masa koɗi fayau. Ashe su nama suke ci, naman 'yan'uwansu, kuma shi da hannunsa ya kai su kan akushi.

Ya zazzage akwatin a kan buhu. Masu rai ba su kai ashirin ba. Manyan sun daina ƙwai, damina kuma ta zo ƙarshe.

"Baɗi sai a sake," in ji matarsa, amma ba ta kalle shi ba.

Ya zauna a kan bokiti, ya ciro waya, ya kira. 'Yarsa ta ɗauka.

"Baba, ya kiwo?"

"Alhamdulillahi. Ɗakin nan da kika ce, yana nan?"

Ta yi ihun murna, ta hau kiran mijinta, tana lissafa labulen da za ta sa da katifar da za ta sayo. Shi kuwa ya riƙe wayar a kunne, yana cewa to, to.