Mako Uku a Gidan Akanta

Shekara ashirin da biyu ya yi yana riƙe da makullin sito a wata maɗaba'a, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai dai ya ce Baban Sito. Dogo ne, ba shi da yawan magana, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa neman bandir ɗin takarda ko gwangwanin tawada an rasa ba. In ka zo karɓar sabon biro, sai ka nuna masa gawar tsohon. Ma'aikata na yi masa tsiya wai ko mai kamfanin ne ya zo sai ya sa hannu, shi kuwa har cikin ransa yana jin daɗin tsiyar. A gida ciki biyu gare shi a wani gidan haya mai famfo ɗaya, shi da maiɗakinsa da 'ya'ya biyar, da safe kowa da bokitinsa a layin banɗaki.

Teburin akantar kamfanin yana kallon ƙofar siton. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, tana zaune ita kaɗai da wata farar kyanwa da take ji da ita kamar 'ya. Da aka sa ranar yi wa mahaifiyarta tiyata a wani gari, ta same shi yana ƙirga kwali.

"Baba, alfarma nake nema. Mako uku zan yi, ba na son barin gidan ba kowa, ga kuma kyanwata. Duk ofishin nan kai kaɗai zan ba makullina hankalina ya kwanta."

"Haba, Akanta, wannan har sai an roƙa?"

"To nawa zan..."

"Kar ki ɓata min rai. Ki je ki dawo lafiya, ma yi magana."

Ita ta ɗauka ya yafe, shi kuma ya ɗauka ta gane. Ta bar masa ambulan da dubu talatin na abincin kyanwa, da takarda mai sunan kantin da ake sayarwa, a ƙasa ta ja layi biyu: kar a ba ta abincin mutane. Mitar wuta kuwa ta cika ta da katin da zai ishi mutum ɗaya wata guda.

Kwana huɗun farko ya bi takardar sau da ƙafa. Sai dai ranar da ya je kantin ya ga kuɗin gwangwani ɗaya ya kusa kuɗin cefanen gidansa na yini, ya tsaya yana juya shi a hannu har mai kantin ya tambaye shi ko lafiya. Da ya koma ya zauna a falon, shiru, sanyin na'ura na ratsa shi, sai ya tuna 'ya'yansa a jere kan tabarma suna fifita da kwali. Ranar Asabar ya kwaso su. Ya ce yini ɗaya ne kawai, su ga yadda ruwa ke zubowa daga sama a banɗaki. Yini ɗaya ya zama kwana biyu, kwana biyu ya zama mako. Maiɗakinsa ta wanke kayan gidansu kaf a injin wanki, tana dariya kamar yarinya, shi kuma ya rasa bakin da zai ce su koma.

A kwana na goma mita ta fara kuka. Ya buɗe ambulan ya zari dubu ashirin ya sayo kati, yana gaya wa kansa aro ne. Kyanwa ta koma cin ragowar shinkafa da miya mai albasa da ƙayar kifi. Bayan kwana uku ta daina ci, ta yi ta amai, ta shige ƙarƙashin kujera ta ƙi fitowa. Ya naɗe ta a tawul ya kai ta wurin likitan dabbobi.

"Me kuke ba ta?" in ji likitan.

"Abincinta," ya ce, idonsa a ƙasa.

Likitan ya dube shi ta saman tabarau. Aka yi mata ƙarin ruwa da allura, dubu ashirin da biyar, wanda ya ranto wurin mai injin buga takardu. Kyanwa ta warke. Ya mai da iyalinsa gida, ya share ya goge ko'ina.

Akanta ta dawo a rame, idonta ya zurma. Ta yi ta godiya, ta ba shi yadi mai kyau da turare da dubu goma. Ya karɓa da hannu biyu yana sa albarka, amma tun a cikin motar haya lissafi ya fara cin sa. Ga mai inji kullum yana leƙo sito yana cewa, "Baba, yaya dai labarinmu?" Ranar Laraba ya ɗauki takarda ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa: likita, katin wuta, kuɗin mota, ladan kwana ashirin da ɗaya. Ya ajiye mata a tebur.

Ta karanta sau biyu, ta ɗago. "Baba, kuɗin wuta kuma? Ai na cika mitar. Dubu talatin ɗin abinci fa? Kuma me ya same ta har aka kai ta likita ba ka kira ni ba?"

A hankali ta yi tambayar, amma shi ji ya yi kamar an tsire shi. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa daga ƙofa ba, ran nan har masu naɗe takarda suka bar aiki suka taru.

"Kyanwa ce fa, Akanta, kyanwa! Abin da take ci a rana ya ciyar da gidana! Na bar iyalina mako uku, ina kwana ni kaɗai ina gadi kamar maigadi, a sallame ni da yadi?"

Aka fara gunaguni. Wata ta ce ai masu kuɗi haka suke, dabba ta fi mutum daraja a wurinsu. Akanta ta dubi jama'ar, ta dube shi, sai ta ninke takardar ta sa a jaka.

Washegari da hantsi ta shigo sito ta tura ƙofa. Ta ajiye ambulan, kuɗin cif yadda ya rubuta, ta ɗora wata 'yar baƙar leda a kai. Ya buɗe. Takalmin roba ne ƙafa ɗaya, ɗan ƙarami, ruwan hoda, na autarsa.

"A bayan injin wanki na tsinta," ta ce. "Maƙwabciyata ta ce yarinyar akwai fara'a. Wallahi, Baba, da ka tambaye ni da na ce ka kawo su, gidan ma ya ji motsin yara. Ba kuɗin ne ya yi min ciwo ba. 'Ni kaɗai' ɗin nan ne da ka faɗa a gaban mutane."

Ta fita. Ya zauna a kan kwalin takarda da takalmin a hannunsa.

A gida maiɗakinsa ta karɓi takalmin ta daɗe tana kallo. Sai da suka yi wa autar faɗa kwana biyu a kan ɓatansa. "Malam, wannan kuɗin ba zai shiga tukunyata ba," ta ce. "Ni ma da hannuna a ciki. Ka mayar mata."

Ya mayar. Akanta ta ware na wuta da na mota ta riƙe, ta turo masa na likita. "Wannan ka biya bashinka. Ka kai ta, ta rayu, na gode." Ladan kwanakin ya ƙi taɓawa, ita ma ba ta matsa ba.

Saura mutane. A wurin cin abincin rana ya tattaro ƙarfin hali ya ce, "Jama'a, maganar ran nan, ni ne ba ni da gaskiya. Na kai iyalina gidan, na taɓa kuɗin kyanwa." Mai inji ya kwashe da dariya ya dafa kafaɗarsa. "Baba ke nan! Don a zauna lafiya har ƙarya za ka yi wa kanka?" Ya rantse, suka ƙara dariya. Wasu sun yarda daga baya, wasu har yau marowaciya suke ce mata a bayan ido.

Shekara biyu ya ƙara a maɗaba'ar kafin ya yi ritaya. Kullum da safe suna gaisawa, ya tambaye ta jikin Mama, ta tambaye shi yara, daga nan kowa ya kama aikinsa. Takardun sallamarsa ita ta bi su ofis-ofis har suka fito cikin mako guda, abin da kan ɗauki wata huɗu. Yanzu yana da ɗan shagon sayar da littattafan rubutu da fensir kusa da wata makarantar firamare. Duk wanda ya ba shi aiki, ko na ɗinke littafi ne, yakan faɗi kuɗinsa tun kafin ya taɓa, ko da mutumin ɗan'uwansa ne.