Minti Ashirin a Shagon Kawu Tafireta

Kawu Tafireta ba kawuna ba ne, duk unguwa haka ake kiransa. Shekara ashirin da shida ya yi yana buga takardu a ofis. Da ya yi ritaya sai ya buɗe shago a ƙofar gidansa: kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, da fanka mai girgiza kai. Har yau dukan kwamfutar yake kamar tafireta, haruffan duk sun goge. Layin waya ɗaya ne ya haɗa shagon da cikin gida. In an hau intanet, kira ba ya shigowa. In aka ɗaga tarhon cikin gida, intanet ta yanke.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a rufe karɓar takardun neman aikin koyarwa ta intanet, ni kuwa shekara guda ke nan da gama jami'a ina zaune. Ranar, ƙarfe uku na isa shagon. Akwatin haɗin intanet ya yi kukansa kamar an taka wutsiyar kyanwa, hoton takardar shaidata ya fara jan ciki. Ya wuce rabi, sai layi ya yanke.

Inna, matarsa, ta leƙo.

"Malam, 'yarka tana asibiti tana naƙuda tun safe, mijinta ya ce zai bugo, kai kuma ka toshe waya da kukan aljanunka?"

"Ke kika ɗaga tarhon?"

"Ni na ɗaga. A zo a kama ni."

Na miƙe zan tafi. Kawu ya danna kafaɗata.

"Zauna. Jikan nan ko an bugo ko ba a bugo ba zai iso. Ƙarfe huɗu kuwa ba ta jiran kowa."

"In wani abu ya faru fa?" in ji Inna.

Ya dubi tarhon shagon. Can ya kwance agogonsa ya miƙa mata.

"Minti ashirin. In ya wuce, zare wayar da hannunki."

Ya sake haɗa layin, hoton ya soma tafiya daga farko. Ta zauna kusa da ni, agogo a tafinta.

"Wannan abu ai hawainiya ta fi shi sauri."

Da ya kusa ƙarshe kuma har zungurina take: "Tura shi mana, ɗan nan!" Kawu bai kalli kwamfutar ba ko sau ɗaya. Tarhon shagon yake kallo, yana ta goge tabarau da bakin riga.

A minti na sha tara saƙon ya tafi. Kafin in gama karanta amsar cewa ya isa, Kawu ya kashe haɗin. Nan take tarho ya ɗau ƙara, Inna ta riga shi.

"Mace? Uwar fa? Alhamdulillahi! Sau biyar ka bugo? Tambayi surukinka."

Kawu ya nemi saka agogonsa, ya kasa. Ni na ɗaura masa.

Ban san ko za a ɗauke ni ba. Har yanzu in tarho ya yi ƙara sai in zabura in kasa kunne. Jiya na je barka, Inna ta ɗora mini jaririyar a cinya.

"Riƙe ta da kyau. Ta jira ka, kai ma ka jira ta yi barci."